Fitilar ƙwarya da na saya wa Inna a Lekki, bayan wata takwas tana aiki

Inna ta zo Legas ne saboda ido. Yanar ido ta rufe na dama, na hagu ma ya fara hazo, aka yi mata aiki ɗaya bayan ɗaya, kuma alhamdu lillahi gani ya dawo. Abin da bai dawo ba shi ne jure haske. Farin ƙwan lantarkin da ke saman ɗaki, wanda mu ko lura da shi ba ma yi, ita da an kunna sai idanunta su kama zubar da ruwa, ta ja gefen mayafi ta kare fuska. Gidanmu a Agege ciki biyu ne da falo, ita da jikokinta mata uku ɗaki ɗaya suke kwana. Tun ina yaro na san ta da tashin ƙarfe uku na dare. In ta kunna wutar sama, ido ya yi ciwo, yara su farka suna mita, ga makaranta da safe. In ta bar ɗakin da duhu, ta yi karo da buta ko ƙafar gado. Ran nan ina shirin fita kasuwa ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. Ta ce, "Kai, wai duk girman garin nan ba a sayar da aci-bal-bal?"

Ga wanda bai tashi da ita ba, aci-bal-bal ɗan kasko ne da ake zuba wa man gyaɗa, a murza auduga ko tsumma a yi lagwani, a ɗora shi a baki, a kunna. A gidanmu na Zariya a alkuki take zama, wato ɗan gurbin nan da magina ke bari a jikin bango. Haskenta bai wuce inda mutum yake zaune ba, sauran ɗakin yana nan da darensa. Abin da Inna take nema ke nan. Amma ɗakin da ke da gidan sauro uku da katifar soso ba wurin barin harshen wuta ba ne. Na sayo mata fitilar caji har kala biyu, duk haskensu fari ne fat mai shuɗi-shuɗi, irin wanda ke soke ido. Na kuma fahimci kukanta fiye da yadda take zato. Albasa nake sayarwa a Mile 12, motocin Aliero da Sakkwato da dare suke shigowa, kuma a ƙarƙashin manyan fitilun kasuwa muke sauke kaya muna ƙirga buhu. Wannan hasken na lissafi ne da tsaron dukiya. Ba ka iya natsuwa a cikinsa.

Babbar 'yata ce ta nuna min shafin wani ɗan shago a Instagram. Suna yin fitilu da hannu, na ƙwarya da yumɓu da tagulla, kuma kowacce ko a kashe take abin kallo ce. Abu ɗaya ya sa na ja baya da farko. A bayanin da suka rubuta akwai wata kalmar Turanci wadda a Legas in aka faɗe ta, tsafi da masu yankan kai ake nufi. Na ce wa yarinyar ba zan shigo wa uwata da abin da ban san asalinsa ba. Ta ce, "Baba, ka je ka gani da idonka mana." A watan Fabrairun 2025, saura sati biyu azumi, na ware wata Asabar na tafi.

Shagon yana wajen kasuwar kayan hannu ta Lekki, wadda ake kira kasuwar Jakande. Daga Agege sai ka bi ta gadar Third Mainland ka sauka tsibiri, ka kama titin Lekki zuwa Epe. Na tashi bayan sallar asuba, na isa kafin su buɗe, amma dawowa ta ci min awa uku da rabi. Wanda zai je ya sa wannan a lissafinsa. Wurin ɗaki biyu ne. Na gaba an rufe tagoginsa da baƙin labule don a ga aikin fitilun ko da rana tsaka, na baya kuma nan ake aikin. Mai shagon Bayarabiya ce, ba ta kai shekara arba'in ba, ta karanci zane da sassaƙa a kwalejin fasaha ta Yaba. Kafin na zauna na yi mata tambayata kai tsaye. Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Alhaji, abin da nake nufi shi ne abin da mutum yake yi kullum a lokaci ɗaya da natsuwa. Kakata da magariba ta yi sai ta wanke hannu ta kunna fitilar manja, kafin nan ba mai cin abinci. Kai ma ai kana alwala kafin salla." Na duba kayan ɗaya bayan ɗaya. Akwai biyu masu siffar fuskar mutum, na ce waɗannan ba namu ba ne, ta ce ta sani, ta kai ni ɓangaren da babu surar komai mai rai, sai ɗigo da layi da da'ira.

Abin da ya kwantar min da hankali gaba ɗaya shi ne muryar da na ji daga ɗakin baya, wani yana waya da Hausar Zamfara. Na leƙa, na yi sallama. Dattijo ne zaune a kan tabarma, ƙwarya a tsakanin gwiwoyinsa. Muka gaisa, ya ce shi gyartai ne, ubansa ma gyartai ne, roba ce ta kashe musu sana'a ya biyo 'yan gari zuwa Kurmi yana gadi, har Allah ya haɗa shi da wannan matar. Na zauna kusa da shi na fi minti arba'in ina kallo. Da fensir yake fara ɗiga alama. Manyan ramuka da ɗan injin huji na lantarki yake yin su, ƙananan kuma da basilla da ya sa a garwashi. Yana ɗora bakin basillar, sai ɗan hayaƙi ya tashi, ƙamshin ƙonanniyar ƙwarya ya cika wurin, ya cire, ya busa, ya matsa gaba kamar faɗin ƙwayar dawa. Lokaci-lokaci sai ya ɗaga ƙwaryar sama ya kalli tagar ta cikinta. Ya ce, "Alhaji, ramin basilla ya fi na inji. Wuta tana rufe bakin ramin, ba ya tsagewa, kuma baƙin da ta bari shi ke sa hasken ya fito da kaifi." Na tambaye shi kwana nawa ɗaya take ci, ya ce babba kwana shida, in ido bai gaji ba.

Wadda na zaɓa ta kai min gwiwa. Gindinta yumɓu ne baƙi, mai siffar wuyan tulu, daga magina na Ushafa kusa da Abuja. Ginin hannu ne irin na Gwari, ba na juyi ba, irin wanda aka san Ladi Kwali da shi, matar da hotonta ke bayan takardar naira 20. Baƙin ba fenti ba ne, hayaƙi ne da ruwan makuba da ake watsa wa tukunya tana da zafi. A sama ƙwarya ce babba a kife, zoben tagulla ya haɗa ta da wuyan. Zoben aikin maƙeran Bida ne, garin da hukumar UNESCO ta sa a jerin biranen sana'ar hannu a 2021, kuma ka ga sawun guduma a jikinsa. Ramukan sun yi yawa a ƙasa, suna raguwa in an yi sama, har ƙoƙon kan ya zama babu ko ɗaya.

Da mai shagon ta kunna ta a ɗakin nan mai duhu na gane dalilin wannan tsarin. Haske ya zubo ƙasa ya yi da'ira a daɓe, faɗinta kamar darduma ɗaya da rabi. A bango ɗigo-ɗigo suka hau kamar an watsa gero, suna tsinkewa kafin su kai kafaɗar mutum. Sama duhu. Wanda ke kwance a gado ba abin da zai taɓa masa ido, wanda ke zaune a ƙasa yana ganin tafin hannunsa da carbinsa. Kuma launin hasken ja-ja ne mai ɗumi, irin na garwashi da ya kama sosai. Ban ce komai ba na ɗan lokaci. Abin da ya zo min a rai shi ne makarantar allo ta unguwarmu, da dare, mun kewaye wutar kara, kowa ya karkato allonsa wajen hasken.

A nan akwai abin da na koya, wanda zai amfani ko wanda ba zai taɓa sayen irin wannan fitila ba. A jikin kwalin kowane ƙwan LED akwai lamba mai harafin K a ƙarshe. Wanda ya cika shagunanmu 6500K ne, shi ne farin nan mai shuɗi. Na cikin fitilar Inna 2700K ne. Harshen kyandir bai ma kai 2000K ba. Duk yadda lambar ta yi ƙasa, hasken ya fi kusa da na wuta. Likitoci kuma sun tabbatar cewa haske mai shuɗi da dare yana danne sinadarin melatonin da ke sa barci. Shekara da shekaru ina sayen ƙwai ina duba wat kawai, ban taɓa kallon wannan lambar ba. Yanzu na canza na ɗakunan kwana duka.

Madam ta nuna min hotunan abubuwan da ta ce daga gare su ta ɗauki darasi. Akwai fitilun takarda da gora na wani masassaƙi, Isamu Noguchi, wanda ya fara su a 1951 a garin Gifu na Japan, ya sa musu suna Akari, har yau ana yin su a can. Sun yi kyau, amma ba su ne suka riƙe ni ba. Wanda ya riƙe ni shi ne hoton fitilun gilashi na masallacin Sultan Hasan a Alƙahira, wanda aka fara ginawa a 1356. A jikin irin waɗannan fitilu ake rubuta aya ta 35 a Suratun Nur, inda aka buga misali da mishkat mai fitila a ciki. Mishkat kuwa shi ne alkukinmu. Na gaya mata haka, ta ɗauko biro ta rubuta kalmar alkuki a littafinta, ta ce ba ta taɓa sanin Hausawa suna da suna na musamman ga wurin ajiye fitila ba. Bari in faɗi wani abu a fili, don na san za a tambaya. Fitila ba ta cikin ibada, ba ta ƙara wa salla lada, kuma ban saye ta da wannan niyya ba. Kayan ɗaki ce, kamar darduma mai taushi ga mai ciwon gwiwa.

Kuɗi. Ta ce naira 170,000. Na yi ciniki irin na ɗan kasuwa, muka tsaya a 140,000, da kai wa gida. Ba ƙaramin kuɗi ba ne, da shi za ka sayi fitilar caji kusan goma a kasuwar Alaba. Da ban ga dattijon nan da basillarsa ba, da na ce tsada ce kawai ta Lekki. Da na lissafa kwana shida na mutum ɗaya, da yumɓun da aka ɗauko daga Abuja ba tare da ya fashe ba, da tagulla, sai na ga ba a cuce ni ba. Cin wuta kuwa ba abin magana ba ne. Ƙwan wat 5 ne. In ya yi awa huɗu kullum, a wata bai wuce yunit 0.6 ba, ko a farashin naira 225 da aka sa wa 'yan Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, a watan Afrilun 2024, naira 135 ke nan.

To, ga inda suka gaza, kuma ba zan rage ba.

Sun ce kwana goma za su kawo ta, sai da ta yi goma sha tara. Azumi ya riga ya shiga, na kira sau huɗu, kullum gobe. Da ta iso an naɗe ta da kyau, kwali biyu da tsofaffin jaridu, babu ko tsaga. Amma da na zo jonawa sai na ga filogin mai ƙafa biyu zagayayyu ne, alhali soket ɗin gidajenmu mai ƙafa uku ne masu kusurwa. Wayar kuma siririya, irin ta rediyo. Mutum ya kashe kwana shida yana huda ƙwarya, a zo a ƙarasa aikin da wayar naira ɗari biyar. Akwai ɗan makunni na murzawa da ake rage haske da shi. In wutar gari ce yana aiki, amma da an tada janareta sai hasken ya kama rawa, makunnin yana ƙara kamar sauro a kunne. Mai gyaran wutar layinmu ya duba ya ce ƙwan da suka sa ba irin wanda ake rage wa haske ba ne, ba su dace da makunnin ba. Wannan abu ne da ya kamata mai sayar da fitila ya sani kafin ni.

Babban aibin shi ne ba ta da batir. Fitilar da aka yi don mai tashin dare, a Legas, kuma in an ɗauke wuta ta zama kwalliya. A daren 23 ga azumi haka ta faru. Inna tana tsakiyar salla wuta ta tafi, janareta kuma ba mai tada shi ƙarfe uku na dare a gidan haya. Da safe ba ta yi ƙorafi ba, cewa kawai ta yi, "Aci-bal-bal dai ba ta san wannan ba." Maganar ta dame ni. Na ɗauki fitilar na kai wa wani yaro ɗan Kano mai gyaran kayan lantarki a Alaba. Ya cire kayan cikin gaba ɗaya, ya sa ƙaramin ƙwai mai ɗumi da ke aiki da bolt 5, ya fito da wayar USB ta ƙasan yumɓun, yanzu da fawa bank take aiki. Caji ɗaya yana kai ta kwana huɗu. Naira 18,000 ya karɓa da kayan. Ƙwan fitilar caji na gaggawa da ake sayarwa ba su yi min ba, domin duk wanda na samu fari ne.

Sai damina. A watan Yuni, da ruwan Legas ya kankama, Inna ta ce tana jin wari-wari. Na kwance zoben na leƙa, cikin ƙwaryar ya yi fumfuna, fari-fari da ɗan kore. Sun shafa mata mai a waje, cikin sun bar shi haka nan. Ƙwaryar da a Zamfara za ta shekara ashirin a rataye, a nan iskar teku wata huɗu ta ba ta. Tagullar ma ta fara dushewa. Ita wannan mai sauƙi ce, lemun tsami da toka uwargida ta sa ta goge, ta dawo. Fumfunar ce ta sa na kira shagon da zafi.

A nan kuma dole in yi musu adalci. Madam ba ta yi gardama ba, ta ce laifinsu ne. Washegari ta turo dattijon da kansa har Agege, a kan kuɗinta. Ya zauna a tsakar gida ya kankare cikin, ya shanya ta a 'yar ranar da ta fito, ya shafa mata mai ciki da waje, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da tsinke don kada man ya toshe su. Inna ta fito ta zauna a kujera 'yar tsugune tana kallonsa. Ya durƙusa ya gaishe ta, "Hajiya, ina wuni, ya ƙarfin jiki?" Ta ce, "Malam, ashe har yanzu akwai gyartai a duniya?" Suka shiga hirar ƙwarya, ta faifai da masaki da ludayi, da irin ɗinkin da ake yi wa wadda ta tsage. Ta gaya masa ƙwaryar aurenta sau uku aka ɗinke ta. Bai tafi ba sai bayan la'asar, da ƙunshin tuwo a hannu. Tun daga ranar ba ta sake fumfuna ba, amma duk sati biyu muna fitar da ita ta sha rana, kamar yadda ya ce.

Akwai abin da ba aibi ba ne, amma mai saye ya sani. Ba fitilar karatu ba ce. Na gwada buɗe Alƙur'ani a gefenta, ɗigon hasken ya faɗo a kan shafi, wani wuri haske wani wuri inuwa, wasali yana ɓacewa. Inna da ka take karatunta, sai carbi, don haka bai shafe ta ba. Mai duba mushafi ko ɗalibi mai jarrabawa ya nemi wata, ko ya ce a faɗaɗa masa bakin ƙasa. Kada kuma a sa mata tsohon ƙwan nan mai zafi na wat 60, zai ƙona ƙwaryar. Gidan da ke da yara masu rarrafe su ɗora ta a inda hannu ba ya kai, yumɓu ne, faɗuwa ɗaya ce.

Wata takwas yanzu. Yaran ba sa farkawa. Ƙaramar ma, mai shekara shida, ta ce in ta buɗe ido ta ga gero a bango ta san kaka tana salla, sai ta juya ta koma barci. Ni kuwa ranar da ba motar da zan tara, nakan tashi in tarar da siririn hasken nan yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofarsu, in yi alwala in shimfiɗa tawa dardumar a falo ba tare da na kunna komai ba. Babbar 'yata da ta fara nuna min shafin ta ɗauki wata ɗabi'a, bayan isha takan kashe wutar sama ta kunna ta, su zauna da kakarsu a ƙasa, waya a ajiye. Ban sa ta ba.

Ƙarshen watan nan Inna za ta koma Zariya, likita ya sallame ta, kuma ta ce da fitilarta za ta tafi. Na ce a sa ta a kwali a bayan mota, ta ce a'a, a cinyarta za ta riƙe ƙwaryar har gida, yumɓun a naɗe shi a cikin zannuwanta. Yaran sun tada rigima, don haka ranar Asabar da ta wuce na sake hawa gada na koma Lekki na ba da aikin wata. Wannan karon na rubuta wa Madam sharuɗɗa a takarda: a shafa mai ciki da waje, a sa batir tun daga shago, a faɗaɗa bakin ƙasa yadda zan iya duba mushafi. Ta karanta ta ce batirin zai ƙara naira 20,000, na yarda. Ta ce sati biyu. Dattijon yana daga ɗakin baya ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, ka sa uku."